Ranar da Ɗangiwa Ya Ɗaura Bindiga a Keken Ɗinki

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar Ɗangiwa tela, bayan tashar Tambuwal, ya san ɗinki ba shi ne babban aikin mutumin ba. Babban aikinsa gyaran duniya. Shi ya gano abin da ke sa jirgin sama ƙara, shi ya san inda likitoci ke kuskure, kuma da an bar masa rijiyar unguwa mako guda, da yanzu ruwa na hawowa da kansa yana gaida mutane. Wando kuwa, in ka kai masa da azumi, ka karɓa bayan babbar salla, ƙafa ɗaya ta ɗan girmi 'yar'uwarta.

Yana da yaya mai suna Hinde, tana aure a Fakku, can ƙasar Kebbe. Mijinta Malam Abdulkarimu maharbi ne, mutum mai ƙarancin magana, irin wanda sai ka ga takalminsa a ƙofar ɗaki kafin ka san ya dawo. Da damina ta raba tsakiya ya ja kunya arba'in a gonarsa ta bakin daji, ya dasa dankali, ya wanke hannu, ya zo gida ya ce kansa na ciwo. Kwana uku aka kai shi makwanci. Dankalin bai san an yi rasuwa ba. Ya ci gaba da yaɗo, kore shar, har ya rufe sawun mai shi.

To, dankali na fara tsaga ƙasa, sai wani gyado ya gano shi. Aladen daji ne ƙato, haure kamar lauje biyu, fuska kamar an taka ta tun tana ɗanya. Kullum la'asar sai ya fito ya tone kunya guda, ya ci, ya koma daji yana kaɗa wutsiya. Arba'in ta koma talatin da ɗaya. Hinde tana takaba, ba ta fita. Ɗanta Mannir magidanci ne mai 'ya'ya biyu, ya kuma iya harbi, uban ne ya koya masa. Amma tun ranar jana'iza bai iya ɗaga ido ya dubi bindigar uban da ke rataye a ɗakin uwarsa ba. In ya shiga sai ya sunkuyar da kai kamar mai gaida suruki. Abokin farautar marigayi, Baba Tambaya, idonsa na nan garau, sai dai hannu ya kama rawa, ko shayi aka ba shi sai ya raba da ƙasa.

A haka Ɗangiwa ya zo duba yayarsa, ya tarar da zancen.

Hinde ta ce daga cikin ɗaki, "Ba don dankalin ba na, Ɗangiwa. Shi na abu na ƙarshe da hannunai ya sa ƙasa. So nika in ci ko guda."

Ya ce, "Yaya, share hawaye. Alade guda? Ni da nika sallamar mutum ɗari da kayan salla cikin mako?"

Baba Tambaya, da ke jingine da rumbu, ya ce, "Ka sallame su, ko sun gaji sun tafi?"

Ɗangiwa ya shiga ya sauko da bindigar. Tsohuwa ce, itacen gindinta ya yi baƙi ya yi santsi daidai inda kuncin marigayi ke kwanciya. Irin mai sakata ce: wani ƙarfe a gefe mai ɗan dunƙule a kai, sai ka ɗaga shi, ka ja baya, ka tura gaba, ka kwantar, sannan ta yarda ta yi magana sau ɗaya. In kana son ta ƙara, ka sake gaisuwar tun daga farko. A jakar fatar da ke rataye tare da ita akwai lasisi naɗe a leda, da harsashi biyar.

Ɗangiwa ya gwada sakatar, ta cije masa yatsa. Ya tsotse, ya girgiza kai.

"Motsi fuɗu kan harbi guda. Ashe haka bawan Allah ya sha wahala shekara talatin, ba wanda ya kawo mini ita in duba."

Tambaya ya ce, "Ajiye ta, Tela. Mu da munka tsufa cikin daji, ba rashin ganin masu ɓarin harsashi ya sa munka riƙe wagga ba. Ƙarfenta kaɗan, ciwonta kaɗan. Ta faɗa rairayi, ka hure ka ci gaba. In ka kwantar da sakata harsashi ya zauna daram, inda ido ya nufa nan shika zuwa. Kuma ba ta surutu sai lokacinta ya yi, abin da ba kowa Allah ya ba ba."

"Da wa kaka, Baba?"

"Da bindiga nika."

"To ai shi na ciwon. Kafin ka gama ɗagawa da ja da turawa, nama ya kai Yawuri."

"Marigayi kan ce harsashi na biyu rabon mai kuskure na."

"Allah shi jiƙan marigayi. Ni in na tashi, sai in ba alade na biyar kafin shi gama mamakin na farko."

Yana faɗin haka ya lura da ƙafarsa ta dama tana taka ƙasa ita kaɗai, sama da ƙasa, yadda ta saba ko yana cin tuwo. Nan take dabara ta sauko masa. Me sakata ke so? Gaba da baya. Me keken ɗinki ke yi tun da aka halicce shi? Ya miƙe tsaye, ya ce a ba shi kwana biyu, kada kowa ya taɓa aladen, nasa ne.

Ya koma Tambuwal ya sa wani mai walda ya lanƙwasa masa rodi, gwiwa uku da ƙugiya a baki. Mai walda ya tambaye shi na mene ne, ya ce ba a faɗa wa farar hula. Ya ɗora keken ɗinkinsa a kan kabu-kabu, teburi da ƙafafun ƙarfe da komai, shi kuma ya hau saman teburin ya rungume kan keken. A wani mashigi kafin Fakku babur ya tafi hagu, keke ya tafi dama, Ɗangiwa ya bi wanda ya fi tsada. Ya shiga gari da taɓo har gira, ya gaya wa masu tambaya cewa maharban ƙasashen waje haka suke shafawa.

A tsakar gida aka yi gwaji. Baba Tambaya ya zauna a kan jakar harsashi ya ce ba zai tashi ba sai an gama. Ɗangiwa ya ɗaure bindigar a kan teburin keke da robar taya, ya maƙala rodin daga wilin keke zuwa sakata, ya ɗaura zare mai kauri a kunamar bindiga, wato abin da ake ja ta tashi, ya sa bakin zaren a haƙoransa.

Mannir, da ya tsaya nesa yana kallon bango, ya ce, "Kawu, a hankali da itacen." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Taka ta farko, rodi ya kuɓuce, ya yi sama, ya ɗauke hular Tambaya ya kai ta cikin kwatarniyar ruwan awaki. Ɗangiwa ya ce da ma so yake ya auna nisansa. Taka ta biyu, rodi ya kama gefen tabarmar da aka shanya kuɓewa ya yi shuka da ita har gidan maƙwabta. A ta uku abin ya kama. Sakata ta shiga kai da kawowa, ƙwaram-ƙwas, ƙwaram-ƙwas, kamar injin niƙa ya haɗiye cokali. Awaki suka tsallake danga. Wata kaza da ke kwanci ta bar ƙwai ta bi su.

Ɗangiwa ya tofar da zare ya ce, "Kun ji? Wanga shi na ci gaba."

Tambaya yana matse hularsa ya ce, "Mun ji. Gyado ma ya ji. Ka dai cire allurar da zaren keken, mi za su yi a daji?"

"Keke ba allura? Ai ya zama teburin mai shayi. In jira ya yi tsawo sai in rage ɗinkin mutane."

Washegari ranar kasuwa ce. Ɗangiwa ya bi rumfa-rumfa yana sanar da cewa yau la'asar za a ga abin da ko a rediyo ba a taɓa ji ba. Kafin rana ta karkata, bakin gonar marigayi ya cika. Mai rake ya kawo rake. Masu ƙarfi suka hau itatuwa, dattawa suka zauna kan suri. Mutum huɗu suka ɗauko keke da bindiga a kai, Ɗangiwa na biye cikin wata babbar riga shuɗiya mai aiki har ciki, ya sha turaren da ƙudan zuma suka rako shi tun daga gari.

Tambaya ya ɗebi ƙasa ya sake ta a iska, ya nuna yamma. "Can za ka zauna, iska ta kwashe warinka ta kai baya."

"Can ba inuwa. Kuma mutane ba su ganina da kyau."

Aka kafa shi gindin marke, ta inda iska ke ɗaukar turarensa tana kai wa daji kyauta. Ya haɗa buhunan taki shida ya yi labule, ya ɗaure gefensa a ƙafafun keke, ya yafa sauran a kan teburi don kada alade ya gane keken ɗinki ne. Ya karɓi harsasai. Tambaya ya ce a bar guda a aljihu, Ɗangiwa ya ce ba ya farauta da rowa, ya ɗura biyar ɗin duka. Ya zauna kan kujera, ya ciji zare, ya fuskanci daji.

Matsalar zare a haƙori ita ce, ba a magana da shi. Ɗangiwa ya yi shiru na kamar shan ruwa, sai ya ga mutane sun zo daga nesa, bai kamata a bar su ba bayani ba. Ya tofar da zare ya yi musu jawabi kan jinkirin maharban da. Ya mayar. Ya tuna bai faɗi yadda gwamnati za ta neme shi ba. Ya tofar.

Da gyado mai hankali ne, da jin turare da hayaniya da ya canja gona. Amma wannan ya ci kunya fiye da goma ba wanda ya ce masa kanzil, har ya fara lissafa kansa cikin magada. Ya zagayo ta ɗaya bakin gonar, ta bayan marke, ya sa hanci a kunya ya kama aiki.

Wani daga kan itace ya ce, "Malam Tela, baƙon naka ya iso. Shina bayanka."

Ɗangiwa ya waiga. Ya yi ƙoƙarin juya bindiga, bindiga na ɗaure da teburi, teburi na kan ƙafafun ƙarfe, ƙafafun sun nutse a ƙasa.

"Ku juya ni."

Mutum huɗun nan suka sauko ba da son ransu ba. Suka ɗaga keke, shi kuma ya bi su da kujera manne a gindi. Tsoro ya sa suka zarce, bakin bindiga ya tsaya yana kallon itacen da ya fi cika da jama'a. Mutane suka zubo kamar nunanniyar kanya. Aka sake juyawa, bakin ya bi ta kan suri, dattawa suka kwanta rub-da-ciki, liman na ƙasa, mai unguwa na samansa. A juyi na uku aka dace da alade. Suka saki keke suka nemi itatuwansu.

Ɗangiwa ya ciji zare, ya ɗora ƙafa, ya taka. Ƙafar shekara talatin ce, ba ta san wasa ba. Sakata ta ɗauki kiɗa. Daɗin abin ya cika masa ƙirji, ya buɗe baki ya ce, "Jama'a, ku shaida!"

Zare ya faɗi.

Ita kuwa bindiga mai sakata ba ta da gardama. In ka tura mata harsashi ta karɓa. In ka ja baya ba ka harba ba, ta mayar maka da abinka. Harsashi na farko ya fito ta gefe, ya yi ƙyalli a rana, ya faɗa cikin ganyen dankali lafiyarsa lau. Na biyu ya bi shi.

Mai rake, daga kan reshe, yana ƙirgawa: "Ukku. Fuɗu. Biyar. Malam Tela, ta amayar da su duka."

Ɗangiwa bai ji ba, ƙarar keke ta cika masa kunne, yana ta taka yana jiran alade ya faɗi. Hannayensa kuwa, da aka bari ba aiki, suka ji keke na tafiya, suka yi abin da suka saba tun yana ɗan koyo. Suka lalubo ƙyalle mafi kusa. Suka haɗa hannun babbar riga na hagu da na dama da gaban 'yar ciki da bakin labulen buhu, suka daidaita gefe da gefe, suka tura ƙarƙashin allura. Layi ya tafi ɗoɗar. Tunda Ɗangiwa ya fara sana'a bai taɓa ɗinki miƙaƙƙe haka ba.

Gyado ya ɗaga kai yana tauna. Ya ɗaga wutsiya tsaye kamar eriyar rediyo, ya taho ganin mai niƙa.

Da haure ya kusa, Ɗangiwa ya tuna yana da aiki a Tambuwal. Ya zabura. Riga ta riƙe shi, labule ya riƙe riga, keke ya riƙe labule. Ya nemi zare kai ta wuya, nauyin keke ya ja wuyan ya tsuke. Ya finciko da ƙarfin mai gudun rai, keke ya kife, roba ta tsinke, bindiga ta yi gefe cikin ganye, shi kuma ya faɗa cikin kunyoyi yana jan keken ɗinki a baya kamar san noma.

Ƙafafun ƙarfe suka shiga ƙasa. Dankali ya rinƙa tumbuɗowa a bayansa, ja jawur, manya-manya, irin wanda mai shi bai tsaya ya gani ba. Gyado ya tsaya, ya dubi dankali a fili ba tono, ya dubi mutumin da ke tone masa. Sai ya bi sahu a tsanake, yana ɗauka ɗaya-ɗaya. Ɗangiwa na jin gurnani a bayansa yana ƙara wuta. Ya kai ƙarshen kunya, ya sha kwana, ya kamo ta biyu.

Tambaya ya ɗaga murya daga kan suri: "Tsaya, Tela. Ba binka shika yi ba. Ƙwadago kaka yi mai."

"Baba, in ƙwadago na, zo ka karɓe ni!"

Kunya ta biyar, ta shida, ta bakwai. Abin da gyado ke ci a mako, yau ana zuba masa a yini. A kwanar ta goma sha ɗaya buhu ya naɗe ƙafar Ɗangiwa, ya faɗi rigingine, kansa a kwari, ƙafafu a kan kunya. Daga nan kwance, duniya a kife, ya ga ɗan yayarsa.

Mannir ya sauko daga bakin gona ba gudu ba. Ya tsuguna ya ɗauki bindigar ubansa daga cikin ganye, ya cire ƙugiyar rodi ya yar. Ya shafa ƙasa ya tsinci harsashi guda, ya goge shi a gefen rigarsa, ya hure sakata. Ya zagaya ta yamma, inda Tambaya ya nuna tun farko, ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Ya ɗaga, ya ja, ya tura, ya kwantar. Ko tsuntsun da ke kan marke bai tashi ba. Ya kai kuncinsa kan baƙin wurin nan mai santsi, ya daɗe a haka, har mutane suka zaci ya fasa.

Sai ta yi magana sau ɗaya.

Ɗangiwa ya rufe ido ya fara kalmar shahada, yana laluben jikinsa ta cikin buhu don ya ji inda ta shiga. Da ya buɗe, ya ga gyado kwance taku biyar daga ƙafarsa, dankali a baki.

Ya ce, "Da ma nan nika so in kawo shi. Sai da na gajiyar da shi tukuna."

Kowa na can yana tsintar dankali. Aka sa igiya aka ja mushen can cikin daji. Aka tsinto harsashi huɗu aka mayar jaka. Aka kwance labule daga ƙafafun keke, amma raba Ɗangiwa da buhu ya gagara. Mai rake ya zaro wuƙa, Ɗangiwa ya ja da baya.

"Kada ka yanka. Rigar ba tawa ba ta. Ta wani ango ta, Juma'a za a ɗaura mai aure."

Haka ya shiga gari, hannaye a ɗinke gaba kamar mai roƙon gafara, buhu shida na jan ƙasa, hoton masara a kan cikinsa, rabin Fakku na biye, keke na tafe a amalanke da ganyen dankali a ƙafafu. Matan da ke leƙe ta kan katanga suka tambaya ko shi ne abin da aka kamo.

A tsakar gida Mannir ya ajiye kwandon dankali a ƙofar ɗakin uwarsa. Ya shiga ya rataye bindigar a ƙusarta, ya tsaya yana dubanta, bai sunkuyar da kai ba. Hinde ta miƙo hannu ta ɗauki dankali guda, da ƙasarsa da komai, ta riƙe a tafi biyu.

Ta ce, "Na ji guda. Na tsaya jiran na biyu, ban ji ba. Sai ganina na yi na ɗora ruwan wanka bisa wuta, yadda nika yi in marigayi ya kusa dawowa."

Tambaya ya cire hularsa ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu. Ruwan na can kan murhu yana tururi.

Can Hinde ta share ido da gefen mayafi, ta dubi Ɗangiwa, ta ce, "Matso, kai kuma. Ruwan ya zama naka." Ta ɗauko reza ta fara warware ɗinkin, zare-zare, don kada rigar ango ta huje. Ta ja, ya ƙi. Ta sake ja, ya ƙi. Ta ce, "Wanga wane irin ɗinki na, ya ƙi sakuwa?"

Ɗangiwa, da tun shigowarsa kansa ke ƙasa, ya ɗago a hankali. Ya dubi layin zaren, daga hannun riga har bakin buhu. Fuskarsa ta washe.

"Baba Tambaya, taso ka gani. Kunya goma sha ɗaya, a guje, da keke a baya, ko zare guda bai tsinke ba. In akwai telan da ya iya haka tsakanin nan da Sakkwato, a nemo mai gyado shi gwada."